Kabarin da Ya Fi Baba Tsawo

Maza ba su gama karkaɗe ƙasar maƙabarta daga ƙafafunsu ba, magana ta riga su shigowa cikin gida. Ban san bakin da ya kawo ta ba. Ina zaune a tsakar gida cikin mata muna karɓar gaisuwa, sai na ga gaisuwar ta sake kama. Mace za ta durƙusa ta ce mana ya haƙuri, ta koma gefe ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu, ita kuma ta dafe ƙirji ta jawo ɗanta jikinta. Wata ma ko ruwa ba ta tsaya sha ba, ta tattara ƴaƴanta ta fice.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta fasa ƙwan, don ita ko ta so yin raɗa muryarta ba ta yarda.

"Kabarin ya yi saura," in ji ta. "Anka sa shi, ga wuri nan wajen ƙahwahu, ya hi taƙi guda. Ni dai tun da nike ban taɓa jin rami ya yi saura banza ba. Wani shika kira."

Daga nan kowa ya shiga dube-dube. Na ga idanu suna bin yayana, ɗan marigayin, duk lokacin da ya leƙo. Na ga suna komawa ɗakin Inna, mahaifiyata, wadda tsufa ya ɗauke wa gani. A zaure kuma, aka ce, dattawa sun tsare masu haƙa da faɗa, su kuwa suna rantsuwa cewa daidai karan da aka ba su suka haƙa, ba su ƙara ko yatsa ba. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsu sosai ba. Shekarar ba ta da daɗi. Ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki, rediyo kuma ta wayi gari da kiɗan soja, an sake cewa kowa ya zauna inda yake. A irin wannan shekara ko kaza ta yi atishawa sai an nemo mata fassara.

Masu haƙa gaskiya suka faɗa. Ni na san abin da ya sa kabarin ya fi Baba tsawo. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kada tsoron matan garinmu ya zama shi kaɗai ne abin da za a riƙa tunawa idan an ambace shi.

A wajenmu, can cikin ƙasar Mayahi, idan mutum ya cika, ana ɗauko karan dawa miƙaƙƙe a shimfiɗa kusa da shi, a karya daidai tsawonsa. Karan nan ake kai wa masu haƙa. Idan an rufe, a kwantar da shi bisa kabarin a bar wa rana da gara. Saboda haka ba a auna mai rai da kara. Yaro ya gwada wa ɗan'uwansa da wasa, zai sha dukan da har ya yi furfura bai manta ba. Mutum kuma in ya ratso gari da dogon kara guda a hannu, ba a tambayarsa lafiya, sai dai a ce wa ya rasu.

Baba wan mahaifina ne. Gari duka Tsohon Soja suke ce masa. Shi ya riƙe ni, don mahaifina ban san shi ba, ina ciki ya tafi.

Zamanin Nasara ne aka ce kowane gari ya kawo samari Tasawa, za a ɗauki soja. Daga gidanmu Baba aka kira. Ya ce wa ƙanensa ya raka shi don ya komo da jaki. A can aka tuɓe wa samarin riguna aka jera su, ana tsayar da kowa jikin wani katako mai zane-zane ana duba tsawonsa. Mahaifina yana gefe riƙe da igiyar jaki yana kallo, kansa ya fi na kowa fitowa a wurin. Wani mai jar hula ya nuna shi da sanda, aka jawo shi cikin layi. Jakin dai wani ɗan garinmu ya komo da shi.

"Muna da rai anka auna mu," Baba yakan ce. "Ni da shi, ɗaya bayan ɗaya. Ya hi ni da yatsa huɗu. Tun ran nan jikina ya ba ni ba mu komowa mu biyu."

Ba ya ba da labarin yaƙi. Samari su zo su kewaye shi suna so su ji mutum nawa ya harbe a ƙasar Aljeriya, sai ya ba su labarin sanyi, da yadda ake dafa wake a gwangwani, har su gaji su watse. Ni ma sau ɗaya tak ya gaya mini, ana gobe za a kai ni gidan miji. Ya ce kamiyon, wato babbar motar sojan da mahaifina ke ciki, ya taka nakiya a wata hanya tsakanin duwatsu. Shi yana na baya. Ya diro ya jawo shi, ya tarar rai ya riga ya fita. Ya duba gabas da yamma yana neman kara, ƙasa ce da ba a san kara ba. Sai ya ciro igiyar tanti ya auna shi, ya ƙulle daidai tsawonsa. Bai kai ga fara haƙa ba aka busa usur, aka kwashe gawarwakin a wata mota, shi kuma aka ce ya hau tasa.

"Na hau," ya ce mini. "Soja nike, an ce in hau. Ban san inda anka kai shi ba, ban san ko an yi mishi salla ba. Kuma da igiya na auna shi, ɗiyata. Igiya ta dabba ta."

Da igiyar ya komo gida, a cikin aljihun kwat. Kakar farko ya juye awon a jikin karan dawa. Igiyar ɓeraye suka cinye ta tun ban yi wayo ba, kara ya rage. Kara kuwa ba ya daɗewa, ƙwaro yana cin sa ta ciki. Don haka Baba yana da ƴan ramukan dawa a bayan gida, inda ruwan wanka ke kwarara, ba don ci ba. Akuyar da ta kuskura ta leƙa wurin, ita da mai ita sai sun ji a jikinsu. Kowace kaka zai zaɓi wanda ya fi tsawo, ya shanya, ya kwantar da shi kusa da tsohon, ya yanke daidai da wuƙa. Tsohon ya kai shi bakin maƙabarta ya ajiye, sabon ya soke shi a rufin ɗakinsa, saitin gadonsa. Ni da yayana tun muna ƙanana ya gaya mana amfaninsa, kuma kowace shekara sai ya maimaita.

"Ran da na mutu, da wanga za ku auna ni. Kar wanda ya rage shi. Tun da ba a ba shi kabari nashi ba, mu raba nawa."

Duk abin da ya rage na mahaifina a duniya ke nan. Ba hoto, ba riga, ba tudun ƙasa da za a nuna mini. Tsawonsa kawai, yana tafiya daga kara zuwa kara.

Kada a ɗauka mutum ne mai zaman makoki. Baba yana da ban dariya, sai dai bai sani ba. Yakan jera mu layi kafin cin tuwo ya duba farcenmu, mu kuwa a bayan idonsa Kwamanda muke ce masa. Yana da wasu takalman soja da ba ya sawa sai ranar biki, amma kowace Juma'a sai ya shafe su da man gyaɗa, tururuwa kuma su yi ta godiya. Ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko a masallaci bango yake nema. Idan kamiyo ya wuce a hanya, ko tsakiyar kalma yake sai ya yi shiru har ƙarar ta ɓace, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai ba. Kuma duk mutuwar da aka yi a garin, ta mai gida ko ta baƙo, shi ne na farko a maƙabarta da magirbinsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa iya jera wa layi ba, Inna. Ta yi takaba a kan maganar baki. Daga baya ta yi wani aure a cikin gari, shi ma mijin ya rasu, Baba ya gyara mata ɗaki a gidanmu ta dawo. Tana cin hatsinsa, amma ba ta yafe masa rakiyar Tasawa ba. Wata kaka ta tarar da shi a bayan gida yana yankan kara, ina tsaye ina riƙe masa gindin.

"Ka tahi da mutum, ka komo mini da kara," ta ce. "In dama shi in sha? Ko in ce ma ɗiyarshi ga ubanki nan bisa ruhi?"

Baba ya miƙe tsaye, ya haɗe dugadugansa, hannuwa a gefe. Na zaci zai yi faɗa. Ya ce, "Gaskiyarki." Daga ranar in tana da magana da shi, ko yana zaune a gabanta, sai ta juyo wajenmu ta ce, "Ku ce mishi." A haka suka tsufa a gida ɗaya.

Da soja suka karɓi ƙasa bayan babban fari na farko, aka shiga kiran tsofaffin soja Mayahi ranar bukukuwa, su tsaya gaban tuta da kwat da lambobinsu. Ba zan ɓoye ba, Baba yana son abin. Tun ana saura kwanaki yake wanke kwat. Wata shekara ya yi ta maza ya matsa wajen wani matashin hafsa, ya sara masa, ya ce tun da yanzu ƙasa tana hannun soja, ko za a iya bincika masa inda aka kai ƙanensa. Hafsan ya saurare shi har ƙarshe, ya cire hula.

"Baba," ya ce, "wannan kafin tutarmu ne. Waɗanda suka sani sun tafi da saninsu."

Ya sa aka ba shi kujera a inuwa. Baba ya komo da la'asar, bai tuɓe kwat ba ya zagaya bayan gida yana duba dawarsa.

Sai fari na biyu ya zo. Wanda bai gani ba ba zan iya kwatanta masa ba, wanda ya gani kuma ba ya son a tuna masa. Damina biyu a jere dawar Baba ba ta wuce gwiwa ba ta ƙone. Ƴaƴan anza, wani itacen daji mai ɗaci, muke jiƙawa muna ci, sai jar dawar da motocin soja ke kawowa jefi-jefi. Mutane suka kwance darninsu suka ba dabbobi, da ya ƙare suka hau rufin ɗakuna. Za ka tsaya a ƙofar gidanmu ka hango ƙarshen gari ta cikin gidajen mutane. Mijina ya tsallaka Nijeriya neman abin da za mu ci, ni kuma na komo gida da jaririya a baya. Karan da ke rufin Baba ya shekara biyu ba a sabunta shi ba. Nakan gan shi da safe ya ɗaga kai yana kallonsa, ba ya ko taɓa shi.

Makiyaya suna ta gangarowa daga arewa ba dabba ko ɗaya, wasu iyakar tafiyarsu garinmu. Wata rana da hantsi aka tarar wani Buzu ya cika a gindin aduwar bakin gari, matarsa tana zaune kusa da shi, ba ta jin Hausa. Dogo ne ƙwarai. Aka nemi kara a gari aka rasa, duk wanda aka kawo bai kai ƙugunsa ba. Sai wani ya taho da igiyar guga.

"Aje ta," Baba ya ce.

"Tsohon Soja, to da mi za mu auna shi?"

"Na ce ka aje ta. Ba a gabana ba."

Ya shiga gida. Ina ganin ya nufi ɗakinsa na gane abin da zai ɗauko. Na bi shi na ce, Baba, kar ka yi, ka san ya tsufa. Ya ce aro ne, ba zai karya ba, da yatsa zai riƙe wurin. Ya zaro shi a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Ya je ya shimfiɗa shi kusa da baƙon, ya dafe inda tsawonsa ya tsaya da babban yatsa, ya miƙe ya nufi maƙabarta. Bai yi nisa ba. Ba tuntuɓe ya yi ba, ba iska aka yi ba. Karan ne kawai ya saki a hannunsa. Ƙwaro ya gama da cikinsa, tsakiyar ta zube gari a kan rairayi.

An rufe Buzun, masu haƙa suka ƙiyasta da ido suka yalwata masa. Baba ya tsince guntayen a bakin rigarsa ya kawo gida, ya baje su a tabarma yana jerawa. Kai yana nan, gindi yana nan, amma ba wanda zai iya cewa nawa ne ya tafi a tsakani. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, Baba yana zaune ya ba ƙofa baya. Tsoro ya kama ni fiye da na yunwa. Na ji kamar yau ne mahaifina ya mutu, kuma a gabana.

Washegari ya sa takalman soja, ba ranar biki ba. Ya ce saura abu guda: ya san ƙanensa ya fi shi da yatsa huɗu. In ya sami kara mai tsawo, jikinsa yana nan. Ban gane nufinsa ba a lokacin, ko kuma na ƙi ganewa.

Ya ci kasuwar Mayahi, ya ci ta Gidan Amumune, duk a ƙafa. Jama'a suna neman abin sawa a baki, shi yana bin rumfuna yana tambayar dogon karan dawa. Aka ce yunwa ta taɓa kan Tsohon Soja. Daga ƙarshe ya tuna da wani abokinsa da suka yi soja tare, manomi ne Kirista a wani ƙauye wajen Tchaké. Suna da ƴar majami'a a can, rufinta na karan dawar gulbi ne tun na shekarun ƙoshi, kuma ba a ba dabbobi shi ba. Baba ya je ya faɗa masa. Abokin ya san mahaifina, a mota ɗaya suke da Baba ranar nakiya. Bai yi shawara da kowa ba, ya taka benci ya zaro wanda ya fi kyau.

"Ruwan da babu," ya ce, "mi ruhin ka tarewa?"

Tare suka taho, don ya ce ba zai bar Baba ya yi wannan tafiya shi kaɗai ba. Ka duba hoton: tsofaffin soja biyu, a shekarar da kowane gida yana da wanda ya tafi kudu ba labari, suna ratsa ƙauyuka da dogon kara guda. Duk inda suka ɓullo mata sai su saki taɓarya su tsaya. A ce, "Wa ya rasu?" Baba ya ce, "Ya daɗe." A wani ƙauye suka nufi wata ƙofa neman ruwa, matar gidan da mijinta ya tafi ci-rani ta hango su, ta faɗi ƙasa tana kururuwa. Da ƙyar aka shawo kanta. Daga nan suka riƙa kewaye garuruwa ta cikin gonaki, da ƙishinsu.

Da rana tsaka suka iso. Baba ya sha ruwa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya miƙa wa yayana karan ya ce ya auna shi. Yayana, magidanci da ƴaƴansa, ya mayar da hannuwa baya ya fashe da kuka. Aka kira liman. Ya ce shi bai ga inda aka haramta ba, amma hannunsa ba zai iya ba. Matar Baba tana ihu tana cewa in an yi wannan abu a gidan nan ba ta ƙara kwana cikinsa. Da yake ba darni, rabin gari suna tsaye suna kallo daga inda suke. A kan gawon bayan gida ungulaye ne zaune, shekarar ba su da wani aiki sai zama kusa da mutane.

Abokin Baba ya karɓi karan.

"Kwanta," ya ce. "Ni da kai an riga an auna mu. Ba yau munka fara ba."

Baba ya kwanta rigingine, ya haɗe ƙafafu, ya miƙe hannuwa a gefe, ya rufe ido. Na matse jaririyata har ta yi ƙara. Abokin ya daidaita gindin karan da dugadugansa, ya bi da shi har kai. Sai Baba, yana kwance, ya ɗaga hannun dama ya jera yatsu huɗu bisa kansa. Daidai nan wuƙa ta bi. Na ji an rufe ƙofa da ƙarfi, na waiwaya, ɗakin Inna ne.

Gari ya zauna jiran mutuwarsa. Aka daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi. Wanda ya gaishe shi da safe sai ya ƙara da neman gafara. Ni kaina, duk tari ɗaya da ya yi sai na leƙa. Matarsa ba ta tafi ba, amma ta daɗe ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa ya soke karansa a rufi, ya ɗauki magirbi. Da yawa daga cikin masu jiran nasa shi ya haƙa musu. Da damina ta kewayo ruwa ya sauka, dawar bayan gida ta yi tsawon da har ta leƙa kan ɗaki.

Ya rayu bayan haka har jaririyar nan tawa ta haifi nata. Matarsa ta riga shi. Abokinsa ma ya riga shi, Baba ya je ya tsaya a ƙofar majami'ar nan ƙyam, da kwat da lambobi, har aka fito da shi. Soja suka sauka, suka hau, suka sake sauka. Aka daina kiran tsofaffin soja gaban tuta, ko kuma waɗanda za a kira ne suka ƙare. Baba ya ranƙwafa, ya koma ɗan mitsitsi, kwat ɗin ta yi masa yawa. Karan dai bai ranƙwafa ba. A ƴan shekarun nan yayana ke yankawa, shi yana zaune yana duba bakin wuƙar kamar mai duba farce. Nakan ce masa, Baba, yanzu ai ba yatsa huɗu ba ne, ya kusa fin ka da kamu. Ya ce, "Shi bai tsuhwa ba. Ni na yi mana tsuhwan."

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da magana ta ɗauke, ya riƙa ɗaga yatsa yana nuna rufi. Yayana ya ce, "Na sani, Baba." Sai ya sauke hannun.

Da aka gama wanka yayana ya zaro karan ya shimfiɗa kusa da shi. Limamin yanzu, ɗan wancan ne, ya ga ya wuce kai da yawa, ya kai hannu zai karya. Yayana ya riƙe masa wuyan hannu ya ce wasiyya ce. Liman ya dube shi, ya dubi gawar, ya janye hannunsa. Haka aka kai wa masu haƙa. Yaran yanzu ne, ba a haife su ba lokacin fari, aka ba su kara suka bi kara. Tsofaffin da suka ga Baba kwance a tabarma da rana tsaka kuwa kusan duk suna can, shi ya rufe su.

Da la'asar, gida ya ɗan rage, raɗe-raɗin dai bai ragu ba, sai na ji Inna tana kira daga ɗaki. Ba ta gani, amma kunnenta ba abin da ke wuce shi. Ta ce in kira mata yayana. Ya zo ya durƙusa a bakin gadonta.

"An ce ramin ya yi saura."

"Ya yi, Inna."

"Da karan ruhi kunka auna?"

"Da shi."

"Gwada mini."

Ya ware hannuwansa biyu daidai wurin da ya rage. Ta laluba ta kama na dama, ta bi iska da tafinta a hankali har ta taɓa na hagu. Ta sake komawa.

"Shi na," ta ce. "Kullum sai ya duƙa in za shi shiga ɗakina. Kullum kuma sai ya bugi kai."

Ban taɓa jin ta faɗi wani abu game da mahaifina ba sai ranar. Na kusa sittin a duniya, na zauna a ƙasa ina kuka kamar yarinya. Ita ba ta yi kuka ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce a dafa ta zuwa ƙofa. Matan da suka rage a tsakar gida suka yi tsit da ganinta, har da tsohuwar maƙwabciyarmu.

"Ku bar tsorata ɗiyan mutane," ta ce musu. "Ramin ba kowa shika kira ba. Wurin da mai shi, ya kuma iso."

Ta juyo inda take jin numfashina. Na san abin da za ta ce tun kafin ta buɗe baki, don shekara da shekaru da shi take fara duk maganar da ta shafi Baba.

"Ku ce mishi..." Sai ta tsaya. Ta tuna ba wanda za a aika.

Ta ɗaga fuskarta wajen maƙabarta, ta faɗa da kanta. "Na yahe. Ka kawo shi gida."

Allah ya yalwata musu wurin nan su biyu, ya sanyaya shi, ya sa sun huta da jin usur. Jiya da na bi ta hanyar gona na hango karan kwance bisa tudun, daidai da shi daga kai har ƙafa. Gara ta fara hawansa. Bana ba wanda zai yanki sabo.